Jami'ar Ahmadu Bello Zariya: Tarihinta da Al'adar Wasanni

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962, a ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa, kuma Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello shi ne ubanta na farko. An kafa ta ne a kan makarantun da ta tarar, wato Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Dokta Ishaya Audu ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1966 zuwa 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta.

Harabar Samaru tana riƙe da tarihi a cikin sunayen gine-ginenta. Babban ɗakin karatu yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, ɗakunan kwanan ɗalibai kuwa akwai na Amina da Ribadu da Ɗanfodiyo. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi rantsuwar kama karatu, sa'an nan a ƙarshe a yi bikin yaye ɗalibai a gaban iyaye da sarakuna.

Ta fuskar wasanni, jami'ar tana cikin jami'o'i biyar da ke ƙasar nan lokacin da aka soma gasar jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan a 1966. Wasan da ya fi fito da sunan Zariya shi ne ƙwallon kwando. Wani mai horarwa ɗan Amurka, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da ɗalibai da yaran gari. Daga cikin yaran akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada har ta ci kofin NBA a 2019.

Abin lura ga iyaye da jami'an ƙananan hukumomi shi ne, gwanin da ake gani a filin jami'a tun yana yaro ya soma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ya kamata a kare filayen wasa na makarantun firamare daga masu yanka filoti, a raya gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin makarantun karkara, tare da tabbatar da cewa wasa bai shiga lokacin darasi ba. Jami'a da sakamakon jarrabawa ake shigarta, amma lafiyar jiki da ladabin da wasa ke koyarwa suna taimakon ɗalibi ya kai ga gaci.