Girman nonon maza: abin da ɗaga ƙarfe ke gyarawa, da abin da ya fi ƙarfinsa

Da la'asar sakaliya, a unguwannin Damagaram, Maraɗi ko Yamai, ba wuya a tarar da samari sun taru kusa da fada suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikin ba su da tsada: sandar ƙarfe, gwangwanaye biyu da aka cika da siminti, sai bencin katako. Yawancinsu kan tuɓe riga. Amma akan samu wanda ba ya tuɓewa komai zafin bazara. Nonuwansa sun tasa, kuma ya gaji da tsokanar abokai masu cewa ya fara ƙirgar dangi. Shi ne ya fi kowa nacewa a kan atisayen ƙirji, da fatan wata rana abin zai baje.

Sau da yawa, bayan wata shida na gumi, sai ya ga damatsa sun cika, kafaɗu sun buɗe, amma nonon ya ƙara fitowa. Ba laifin ƙoƙarinsa ba ne. Yadda aka gina ƙirjin ɗan Adam ne ya jawo haka.

Kitse ne ko tsiro?

Abubuwa uku ne a jere a ƙirjin namiji. A can ƙasa akwai tsoka, a kanta akwai kitse, sannan daidai ƙarƙashin kan nono akwai ɗan ƙullutun halittar nono, irin wanda ke girma a jikin mace idan ta balaga. A jikin namiji yakan zauna ƙarami. Idan ma'auni ya karkace tsakanin sinadarin testosteron na maza da estrojen, wanda shi ma jikin namiji ke samarwa kaɗan, sai ƙullutun ya girma. Wannan ne likitoci ke kira jinekomastiya.

Akwai kuma wanda kitse ne kawai ya taru masa saboda ƙiba. A ido su biyun suna kama, a hannu kuwa sun bambanta. Idan mutum ya kwanta rigingine ya matso gefen nonon da babban yatsa da manuni, mai tsiro zai ji wani abu kewayayye mai ɗan tauri kamar roba a ƙarƙashin kan nono, wani lokaci da zafi. Mai kitse laushi kawai zai ji. Da yawa suna da duka biyun.

Lamarin ba baƙo ba ne. Kusan rabin yara maza kan fuskance shi lokacin balaga, galibi wajen shekara 13 zuwa 14, kuma ga mafi yawansu yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Yakan kuma bayyana ga jarirai sababbin haihuwa da mazan da suka haura shekara 50.

Abin da ƙarfe ke yi

Atisaye tsoka yake ginawa, ita kuwa tsoka a ƙarƙashi take. Idan ta yi kauri, sai ta turo duk abin da ke kanta zuwa gaba, kamar a sa matashi ƙarƙashin tabarma. Shi ya sa mai tsiron gaske, idan ya dage kan atisayen ƙasan ƙirji, yakan ga kan nonon ya ƙara tsini.

Babu kuma wani atisaye da ke zaɓar kitsen wuri ɗaya ya ƙone shi. Jiki na rage kitse ne gaba ɗaya, idan abin da mutum ke ƙonawa ya zarce abin da yake ci. Don haka mai kitse zalla yana da babbar dama: gudu, tafiyar ƙafa, ƙwallo, rage lemun kwalba, soye-soye da sukarin shayin fada, tare da ɗaga ƙarfe na dukkan jiki, suna iya daidaita masa ƙirji. Mai tsiro kuwa, ko ya rame, ƙullutun na nan. Wani lokaci ma ya fi bayyana, tun da kitsen da ke lulluɓe shi ya tafi.

Wannan ba ya nufin ya ajiye ƙarfe. Idan ya mai da hankali kan saman ƙirji, wato tura nauyi a kan benci mai ɗagaggen kai, da kafaɗu da tsokar baya, siffar jikin kan daidaitu, ido ya rage sauka kan nonon. Ƙarfafa baya na kuma gyara ranƙwafawar da masu ɓoye ƙirji ke sabawa da ita, wadda ke sa nonon ya ƙara zubowa. Gyaran kamanni ne wannan, ba magani ba.

Gudun gara, faɗa wa zago

Babban haɗarin shi ne gaggawa. Wasu samari, a gida da ƙasashen da suke ci-rani, kan sayi allurai ko ƙwayoyin kumbura tsoka, wato siteroyid, ta intanet ko a hannun abokan atisaye. Jiki na juya wani kaso na waɗannan sinadarai zuwa estrojen, sai su haifar da ainihin abin da ake gudu. Suna kuma iya ƙanƙantar da ƴaƴan maraina, su rage maniyyi, su taɓa hanta da zuciya.

Ba su kaɗai ba ne. Yawan shan giya na cikin masu jawo shi, haka ma daɗewa ana shan ƙwayoyi dangin tramadol, domin suna rage testosteron. Wasu magungunan asibiti ma kan haddasa shi, kamar spironolactone na hawan jini da zuciya, cimetidine na gyambon ciki, da efavirenz na masu ɗauke da ƙwayar cutar sida. Wanda likita ya ɗora a kan irin waɗannan kada ya daina da kansa, ya koma ya yi bayani a duba ko za a canja masa. Ciwon hanta, na ƙoda, na maƙoƙo da ƙari a maraina su ma kan fara nuna kansu ta wannan hanya.

Yaushe ake zuwa asibiti?

Lokaci na da muhimmanci. A watannin farko, sa'ad da tsiron ke da taushi da zafi, kawar da sanadinsa kan sa ya koma, kuma akwai maganin da likita ke iya rubutawa. Idan ya wuce kamar shekara guda, yakan taurare ya zama jijiya-jijiya, daga nan tiyata ce kaɗai ke cire shi. Man shafawa da ake tallatawa, ɗaure ƙirji da ƙyalle ko danna shi da abu mai zafi ba sa narkar da shi, sai dai su bar ƙuna da tabo.

Akwai alamomin da ba a jira da su: ƙullutu mai tauri kamar dutse a gefe ɗaya, jini ko ruwa daga kan nono, kan nono ya shige ciki, fata ta lotsa, ko kaluluwa a hammata. Maza ma na kamuwa da sankarar nono, ko da yake ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma kunya kan sa su isa asibiti a makare.

Ga yaro ɗan shekara 14, abin da ya fi buƙata shi ne haƙuri da iyayen da za su gaya masa cewa ba mazantakarsa ce ta samu matsala ba. Ga saurayin da ya shekara biyu yana gumi a kan benci ba canji, ƙarin siminti a gwangwani ba zai ba shi amsa ba. Ganin likita sau ɗaya zai iya faɗa masa ko kitse yake yaƙa ko tsiro. Abokan fada kuma su sani, wanda aka hana tuɓe riga a gabansu da dariya, da wuya ya tuɓe ta a gaban likita.