Dajin da ke Tsaye Cikin Ruwan Gishiri

Idan aka ce daji a wajenmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne gawo da kuka da ƙirya, da busasshiyar ƙasar da ake ratsawa da ƙafa. Amma can kudu, inda Kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku, akwai dajin da sai da kwalekwale ake shigarsa. Itatuwansa, da ake kira mangurof, cikin taɓo da ruwan gishiri suke tsaye. Sau biyu a rana teku takan cika ta shanye gindinsu, sannan ta janye ta bar saiwoyinsu a fili. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan daji, kuma mafi yawansa a yankin Neja Delta yake.

Taɓon da itacen ke ciki ba shi da iska, don haka sai saiwar ta fito waje ta yi numfashi. Jan mangurof yakan sako saiwoyi daga jikinsa su lanƙwasa su shiga laka. Wani nau'in kuma saiwarsa ce ke tsirowa sama daga ƙasa, dubbai a kewaye da gindi, gishirin da ya sha kuwa ta ganye yake fitar da shi. Irin jan mangurof ba ya jiran ƙasa: tun yana jikin uwa yake tsira, ya yi tsawo kamar ƙwanson zogale, in ya faɗi ruwa ya ɗauke shi har ya sami inda zai kafe.

Cikin waɗannan saiwoyi ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke ɓuya har su girma. Nan mata ke tsintar kawa da dodon-koɗin ruwa su kai kasuwa. Saiwoyin ke riƙe laka, su ke rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutane. Masana kuma sun gano cewa hekta ɗaya ta wannan daji tana adana iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, ninki da dama fiye da hekta ɗaya ta kurmin tudu, mafi yawa a cikin taɓon.

A Neja Delta abubuwa uku suka fi cinye shi. Na farko ɗanyen mai, wanda yake toshe kafofin numfashin saiwa itacen ya bushe a tsaye. A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe har sau biyu a Bodo, ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, kuma a 2015 kamfanin ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Na biyu sara, domin itacen girki da bandar kifi da gini. Na uku wata baƙuwar itaciya mai kama da kwakwa, nifa, wadda aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906. Duk inda aka sare mangurof sai ta mamaye wurin, ga shi ba ta ba kifi mafakar da yake samu a da.

To, yaya ake dawo da abin da ya lalace? Amsar da ta fi zuwa baki ita ce a dasa. Akwai ma inda hakan ya yi. A Kasamas ta kudancin Sanagal, farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara wa ruwa gishiri, ya kashe dajin, gonakin shinkafa suka lalace. A 2006 Haidar El Ali, ɗan Sanagal mai asalin Labanan, da ƙungiyarsa ta Oceanium suka fara da iri 65,000 a ƙauyen Tobor. Ba a gina wurin renon tsiro ba. Mutanen ƙauye ne suka shiga sauran dajin da ya rage suka tsinto iri, suka jira ruwa ya janye da damina, suka jera suna kafawa cikin laka. Bayan 'yan shekaru ɗaruruwan ƙauyuka sun shiga, an dasa kusan miliyan 80 a Kasamas da Sine Salum.

Sai dai wanda ya tsaya a labarin Sanagal zai ɗauka dashe shi ne magani, ni kuwa ban yarda ba. Bayan ambaliyar sunami ta 2004, an zuba kuɗi an dasa mangurof a gaɓar Siri Lanka. Da masu bincike suka bi wurare 23 daga baya, uku kacal suka tarar fiye da rabin dashen ya rayu, a tara kuwa ko ɗaya bai kai labari ba. A Filifin ma, bayan shekaru ana dashe, abin da ya rayu bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Dalilin ɗaya ne kusan ko'ina: an dasa inda ya fi sauƙin samu, ba inda itacen ke iya zama ba. Mangurof yana son ruwa ya zo ya tafi. In aka kafa shi a kwarin da ruwa ke daɗewa, ya nutse. In aka kai shi tudu, gishiri ya ƙone shi.

Shi ya sa wani masani ɗan Amurka, Robin Lewis, ya shafe rayuwarsa yana cewa a fara da gyaran hanyar ruwa. A fara tambaya: me ya kashe dajin? In titi ne ko bangon kududdufin kiwon kifi ya tare ruwa, a buɗe masa. In ƙasa ta zaizaye, a ɗago ta. A Demak ta tsibirin Jaba a Indonesiya, shingen gora da rassa aka kakkafa a bakin teku, ruwa ya wuce laka ta taru a bayansa. Muddin akwai iyayen itatuwa a kusa, ruwa da kansa zai kawo iri, kowane nau'i ya kama inda ya dace da shi. Manoman Maraɗi sun san wannan hikima: tun shekarun 1980 suka ga kula da tohon kututturen da ke gona ya fi dashen da fari da awaki ke cinyewa, kuma ta haka miliyoyin hektoci suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar.

A ƙasar Ogoni, inda aka ƙaddamar da aikin tsaftacewa a 2016, lamarin ya fi nauyi. Sai an wanke man da ke cikin laka, an tumɓuke nifa, kafin a yi zancen dashe. A wuraren da dajin ya mutu ƙurmus babu uwar da za ta yar da iri, dole a kawo da hannu. Kuma in ba a daina fashewar bututu da tace mai ta haramtacciyar hanya ba, aikin baban giwa za a yi ta yi.

Sauran magana ta mutane ce. Matar da ke bandar kifi ba don ƙeta take sara ba, ba ta da wani makamashin ne. A Gazi ta gaɓar Kenya, shirin Mikoko Pamoja yana sayar da shaidar kabon da dajin ya adana, kuɗin ya tafi ga ruwan sha da littattafan makaranta, an kuma shuka wasu itatuwa a tudu domin girki da gini. Wanda yake cin moriyar daji ba sai an ɗauko masa mai gadi ba.

Kowace 26 ga Yuli ake bikin ranar mangurof ta duniya, kuma za mu ji manya suna faɗin miliyoyin da aka dasa. Wannan adadi ba shi ne ma'auni ba. A tambaye su nawa ne suka rayu bayan shekara biyar, wa ya je ya ƙirga, kuma ko masunta sun koma kamun kifi a wurin. Duk shirin da ba shi da amsar waɗannan tambayoyi, bai kamata a ƙara masa ko kwabo ba.