Paul Merson: Yadda tsohon tauraron Arsenal ya kuɓuta daga caca bayan asarar fam miliyan 7

A lokacin kullen korona na 2020, babu wasan ƙwallon ƙafa da ake bugawa a Ingila, amma Paul Merson bai rasa abin zuba wa kuɗi ba. Ta wayarsa ya riƙa yin caca a kan wasannin ƙwallon tebur, har ya cinye kuɗin da shi da matarsa Kate suka tara domin sayen gida.

Merson ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ya ci kofin babbar gasar Ingila da Arsenal a 1989 da 1991, ya kuma buga wa ƙasarsa wasa 21. Ya bar ƙungiyar a 1997, kafin zuwan Nwankwo Kanu, shi ya sa matasa da dama suka fi saninsa da sharhin wasanni a Sky Sports.

Tun a Nuwamban 1994 ya fito fili, ya amsa cewa giya da hodar ibilis da caca sun kama shi. Aka kai shi cibiyar gyaran hali, ya koma fili bayan 'yan watanni, mutane suka ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Ya ce abin da ya salwantar a caca tsawon rayuwarsa ya haura fam miliyan 7.

Caca ce ta fi ba shi wahala, kuma dalilin a fili yake. Mashayi ana jin warinsa, ana ganin tangaɗinsa. Ɗan caca kuwa yana zaune cikin iyalinsa, waya a hannu, yana ƙarar da albashin wata ba wanda ya sani.

A wani shirin BBC na 2021, masana sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, suka ga hotunan caca sun fi motsa ta fiye da hotunan iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka. Merson ya sha faɗin cewa sauƙi ya fara zo masa ne da ya gane ciwo ke damunsa, ba mugun hali ba.

Matakin da ya ɗauka bayan asarar 2020 ba mai daɗi ba ne ga magidanci. Ya faɗa wa Kate gaskiya, ya bar albashinsa a hannunta, ita ke ba shi na kashewa. Ya kuma koma zama da masu irin matsalarsa, ya rubuta littafi mai suna Hooked.

Yanzu yana cikin masu sukar yadda tallan caca ya mamaye ƙwallon ƙafa. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallan kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26, sai dai yarjejeniyar ba ta shafi hannun riga da allunan gefen fili ba.