Maganin Hawan Jini Yana Kashe Ciwo? Ga Gaskiya, Ga Ƙari

Zance ya bazu cewa ƙwayar hawan jini tana kashe ciwo, har ka ga tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ɓallo wa jikarta guda ɗaya don kanta na sarawa. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙarin da zai iya kai mutum gadon asibiti.

Gaskiya ne cewa propranolol, maganin da masanin Birtaniya James Black ya samar a farkon shekarun 1960 domin masu ciwon zuciya, ake kuma sha don hawan jini, yana rage yawan tashin ciwon ɓarin kai. A 1966 likitoci suka fara lura da haka a jikin wani mai ciwon zuciya da ke shan sa. Gaskiya ne kuma cewa akan yi wa wasu masu ciwon daji allurar clonidine, wani maganin hawan jini, ta gadon baya idan zafi ya gagari sauran magunguna. Wannan aiki ne na asibiti, a gaban ƙwararru.

Ƙarya ne a ce maganin hawan jini yana aiki kamar farasitamol. Propranolol riga-kafi ne. Kullum ake shan sa, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. In kai ya riga ya fara sara, ba zai sauke shi ba. Ciwon haƙori da na gwiwa kuwa ba huruminsa ba ne.

Ƙarya ne kuma a ce duk ciwon kai hawan jini ne. Yawanci hawan jini ba ya sallama, awo ne kaɗai ke tona shi.

Ƙaryar da ta fi haɗari ita ce wai maganin ba ya cutar da mai lafiya. Propranolol yana rage bugun zuciya, yana iya sa jiri har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Mai asma yana iya toshe masa numfashi. Mai ciwon suga kuma yakan ɓoye masa alamun saukar suga. Wanda ya daɗe yana sha, in ya daina lokaci guda, jininsa na iya hawa, zuciyarsa ta shiga matsala.

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis don ciwon jiki su ne ma ke iya ɗaga jini.

Don Allah, in ciwon kai ya matsa maka, je a auna jininka, ka faɗa wa likita duk abin da kake sha. Maganin da aka rubuta wa wani, bar masa abinsa.