Takardar Tambayoyin Ɗakin Tiyata: Ɓata Lokaci ce ko Tsimin Kuɗi?

Duk mutumin da ya taɓa jinyar wanda aka yi wa aiki a Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya san kuɗin tiyata ba ya ƙarewa a ranar aiki. Idan ɗinki ya yi ruwa, sai kuɗin gado da na allurai da wankin ciwo su biyo baya, mai jinya kuma ya rufe shagonsa. Domin rage irin wannan wahala ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19 a shekarar 2008.

Sau uku ake tsayawa a karanta ta da babbar murya. Kafin a sa majinyaci barci, za a tabbatar da sunansa da gefen da za a yanka, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, da ko an tanadi jini. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fita da shi kuma, nas za ta tabbatar an ƙirga almakasai da allurar ɗinki da audugar goge jini, kada a rufe ciki da wani abu.

An gwada takardar a asibitoci 8, daga Landan zuwa Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Wasu ma'aikata na ƙorafin cewa tana cin lokaci alhali ga layi na jira. Amma 'yan mintuna ne. Abin da ke tsayar da ɗakin tiyata shi ne a fara aiki sannan a gano babu jini, ko ba a dafa wani kayan aiki ba, a tura mutum da gudu, majinyaci na kwance ana ƙara masa maganin barci, janareta na shan mai. Wani bincike a Nowe a 2015 ya gano takardar ta rage kwanciyar asibiti da kusan kwana ɗaya. A inda yawancin mutane ke biya daga aljihu, kwana ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai takarda ba laya ba ce. A lardin Ontariyo na Kanada an tilasta ta a asibitoci 101, amma binciken 2014 bai ga wani canjin kirki ba. Idan cike gurbi kawai aka yi aka jefa ta a fayil, ko ƙaramar nas na tsoron ce wa babban likita ya dakata, an yi aikin banza.

Saboda haka, shugabannin asibitocinmu su horar da ma'aikata, su ba kowa damar magana. Kai kuma majinyaci, kada ka ƙosa don an tambaye ka sunanka sau uku. Faɗi gaskiya game da abin da ka ci da maganin da kake sha, har da na gargajiya.