Kalmar "Halatta" da Batun Tabar Wiwi a Gundumomin Magarya da Dungas

Gabatarwa

Magarya da Dungas gundumomi ne na kudancin jihar Damagaram, masu iyaka da Nijeriya. Dā ƙasa ɗaya ce, sai a 2011 aka ware Dungas. Samarinsu suna zirga-zirga zuwa kasuwanni irin su Maigatari da Baɓura, suna kuma jin labaran duniya ta rediyo da wayar salula. Ɗaya daga cikin labaran nan shi ne cewa wasu ƙasashe sun "halatta" tabar wiwi. Wannan maƙala za ta duba ko kalmar ta dace da abin da ake son faɗa.

Ma'anar kalmar

Halatta ta samo asali daga Larabci, kuma tushenta addini ne. Idan Bahaushe ya ji an ce abu halal ne, sai ya ɗauka ba zunubi a cikinsa, ba kuma cutarwa. Amma abin da ƙasashen nan suka yi iri uku ne, kowane da manufarsa.

Na farko, ba da izinin noma domin magani ko masana'antu, kamar yadda Lesoto ta yi a 2017, Maroko kuma a 2021. Na biyu, ɗauke hukunci daga baligin da ya sha a cikin gidansa, watau abin da kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018. Na uku, sayarwa a ƙarƙashin kulawar gwamnati, irin na Urugwai tun 2017 da Kanada tun 2018. A nan ma an gitta sharaɗin shekaru: 18 a Urugwai, 21 a jihohin Amurka da suka yarda da cinikin. Ke nan babu ƙasar da ta ba yaro izinin sha.

A Nijar kuwa, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 1999 ta hana nomanta da fataucinta da shanta. Nijeriya ta yi dokarta tun 1966, sa'an nan ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka, rahoton bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya sun kai miliyan 10.6.

Dalilin keɓe matasa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen gaba, mai kula da tunani da kamun kai, shi ne na ƙarshen kammala. Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, wanda ake kira THC, yana taɓa wannan sashe da kuma wurin adana abin da aka koya. Shi ya sa ɗan makarantar da ya saba da ita yakan yi fama da mantuwa da rashin natsuwa.

Masana sun ƙiyasta cewa cikin masu sha goma, kusan ɗaya yakan kamu har ya kasa bari. Ga waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, ɗaya ne cikin shida. Bugu da ƙari, wani bincike da aka buga a 1987 kan matasan Suwidin fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja ya nuna cewa waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka marasa sha wajen sau shida a haɗarin kamuwa da wani nau'in taɓin hankali mai tsanani. Har yau ana muhawara kan ko wiwi ce sanadi ita kaɗai, amma an tabbatar haɗarin ya fi yawa ga mai tarihin ciwon a danginsa. A karkara, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, ɗawainiyar irin wannan majinyaci kan iyayensa take faɗawa.

Kammalawa

Ya kamata masu fassara labarai su bar wa addini kalmarsa, su riƙa cewa "ba da izini domin magani", ko "sassauta hukunci", ko "ƙayyade ciniki", gwargwadon abin da ya auku, su kuma ambaci sharaɗin shekaru. Saurayin da ke sauraro a fada a Dungas ko Magarya zai gane cewa ko a Kanada ba a sayar wa ƙanensa.