Gyaran Hoto Mai Motsi a Waya

Da can masu shirya majigi da almakashi suke yanka fim, sa'an nan su liƙa shi da gam. Yau wayar hannu tana yin wannan aiki da manhaja irin su CapCut.

Manhajar takan shimfiɗa bidiyon a ƙasan allo kamar dogon ƙyalle. Sai mai gyara ya sa yatsa ya yanke inda bai yi kyau ba, ya haɗa sauran, ya ƙara rubutu ko kiɗa.

Amma yankan nan yana iya juya magana. Yaro ya ce, "Ba ni na ɗauka ba." In aka cire "ba" ɗin farko da na ƙarshe, sai a ji, "Ni na ɗauka." Muryarsa ce kuwa, fuskarsa ce. Mai kallo ba zai ga mahaɗin ba sai ya lura ƙwarai.